Erice a yini ɗaya daga Palermo: ta cancanci wahalar kuwa? Kuma me Musulmi zai ci a can?

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san yammacin tsibirin Sisili na Italiya. Hajiyar maigidana ta zo mana daga Zariya tun da na haihu, yau wata biyu ke nan da 'yan kwanaki, saura sati uku ta koma. Tun zuwanta ba inda ta sani a Palermo sai gida da asibiti da kasuwar Ballarò. Maigidan ya samu hutu ranar Asabar, ya ce lallai sai mun kai ta Erice, wai abokan aikinsa sun cika masa kunne: tsohon gari ne a kan dutse, ga kallo ga abinci. Ni abu biyu ke damuna. Na farko gwiwar Hajiya, benenmu hawa biyu ma sai ta huta a tsakiya. Na biyu abinci. Kada mu kwaso tsohuwa da jaririya mu sha tafiya, mu je mu ƙare da burodi da ruwan gora saboda komai da alade a ciki. Wanda ya taɓa zuwa ya gaya mini tsakani da Allah, ba irin labarin masu ɗora hoto a Instagram ba.

Kallamu77
Wa alaikumus salam. Anti, ki dafa shinkafa da miya ki zuba a kula, ku tafi bakin teku a Mondello ku baje tabarma. Dutse dai dutse ne. Hajiyar da ta tashi tana kallon Kufena, wane dutse kuma za a nuna mata?

Danliti_Trapani
Kallamu, kai da ba ka taɓa wuce tashar jirgin Palermo ba, bar mu mu yi magana.

Maman Ilham, barka da arziki, Allah ya raya. Ni a gindin dutsen nake zaune, shekara shida, kuma a kicin nake aiki. Daga Palermo a mota kilomita ɗari da 'yan kai ne ta babbar hanyar A29, awa ɗaya da rabi in ba cunkoso. Kada ku yi gigin shiga jirgin ƙasa: gajeren layin an rufe shi a 2013, lokacin da na gwada sai da muka zagaya ta Castelvetrano, rabin yini ya tafi a banza.

In kun iso Trapani, garin da ke gindin dutsen, hanya biyu ce. Ko ku hau da mota ta titin da ke murɗewa kamar maciji, ko ku ajiye motar a unguwar Casa Santa ku shiga funibiya, wato ɗan akwatin nan da ke tafiya rataye a jikin waya. Mutum takwas yake ɗauka, minti goma da ɗan wani abu kun kai. Yana sauke ku dab da ƙofar gari, Porta Trapani. Sai dai in iska ta yi ƙarfi tsayar da shi ake yi, don haka ku duba da safe kafin ku fito.

Maganar gwiwa: garin ƙarami ne, fasalinsa kusurwa uku, amma ko'ina daɓen duwatsu ne, sun sha ƙafa har sun yi sulɓi. Babban titin da ya ratsa tsakiyar gari hawa ne. Ku bar shi da farko. Daga ƙofar ku bi Viale Conte Pepoli ta gefen gari, ya fi sauƙi, zai kai ku lambun Balio inda akwai kujeru da inuwa. A zaunar da su Hajiya a can, rabin abin da ake zuwa gani yana gabanta.

Uwar_Biyu
Ina goyon bayan Danliti, da ƙari ɗaya: ki bar keken jaririya a gida, ki goya ta. Na je da keken tagwayena, ƙafafun suka riƙa maƙalewa a tsakanin duwatsu, babansu ya ƙare da ɗaukar keke a ka kamar ɗan dako. Kuma ki riƙe rigar sanyi ko da kin ga rana a ƙasa. Tsayin wurin mita 750 ne, sama da ƙasa ba yanayinsu ɗaya ba.

Maman_Ilham
Na gode ƙwarai. To abincin fa, Malam Danliti? Shi ne babbar damuwata. Hajiya ko taliyar nan tasu ba ta so, ta ce ɗanya suke ci.

Danliti_Trapani
Hahaha, ai su Hajiya ba su kaɗai ba ne. A nan yankin kin yi sa'a, don manyan abincinsu biyu ba ruwansu da nama.

Na farko kuskus da romon kifi, su suna ce masa cùscusu. Kada ki haɗa shi da na kwali da ake zuba wa tafasasshen ruwa. Tsakin alkama ake zubawa a wani faffaɗan kwanon ƙasa mai suna mafaradda, ana yayyafa ruwa da yatsu ana murzawa a hankali har ya zama 'yan ƙwayoyi. A sa man zaitun, albasa, faski, wasu har da kirfa da dakakken almon. A juye a tukunyar ƙasa mai huji-huji a ɗora kan wata tukunyar, a liƙe mahaɗar da kwaɓaɓɓen fulawa don kada tururi ya tsere. Ya fi awa guda yana turara. In ya sauka a shayar da shi romon kifi, a rufe, a lulluɓe da bargo ya huta. Sauran romon a kawo miki a ɗan kwano ki ƙara da kanki.

Na biyu busiate da pesto irin na Trapani. Taliya ce murɗaɗɗiya, a da jikin wani siririn kara ake naɗe ta. Miyar ba a ɗora ta a wuta: ɗanyen tumatir, almon, tafarnuwa, ɗoɗɗoya irin tasu, man zaitun, a daka a turmi. Jar tafarnuwar Nubia da ke nan kusa da Paceco ita ake yabo.

Abin da za ki kiyaye: arancina, dunƙulen shinkafar nan da ake soyawa. Mai ragù, wato miyar nama, sau da yawa da alade a naman, wadda ake kira "al burro" kuma sunan ne kawai na man shanu, da yankan naman alade a cikinta.

Hajjo_Damagaram
Tsaya, tsaya, Danliti. Tsaki, a yayyafa ruwa, a murza, a zuba a tukunya mai huji, a liƙe baki, a turara. To wannan ai dambu ka kwatanta mana, tukunyar kuma madambaci ce! Kakata da jiƙaƙƙen tsumma da kwaɓin kuka take liƙe nata. Mu a Damagaram in aka yi da gero aka zuba miya, burabusko ne. Wato mutum ya biya kuɗin mai, ya hau dutse, don a sayar masa da burabusko da tsadar Turai?

Ɗan_Zangon_Kumasi
Anti Hajjo kin riga ni. Ranar da na fara ganinsa na ce wasa-wasa ne ya yi fari. Namu da garin doya ake yi, shi ya sa yake baƙi. Amma gaskiya romon nasu daban ne, kifin teku kala-kala ake haɗawa, ba kifi ɗaya ba.

Kallamu77
Kun gani ko? Na ce a dafa a gida.

Almajirin_Sahnun
Kamannin da Hajiya Hajjo ta gani ba banza ba ne, kuma bari in ɗan ja ku baya, don Maman Ilham ta samu abin ba Hajiya labari a mota. A shekarar 827 rundunar Aglabawa, sarakunan Musulmi na lokacin, ta taso daga Tunisiya ta sauka a Mazara, kilomita kamar 50 kudu da Trapani. Wanda ya jagorance ta ba sarkin yaƙi ba ne, alƙalin Ƙairawan ne, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina. Rubutunsa ne Sahnun ya ɗauka ya je ya tace wajen Ibnul Ƙasim har Mudawwana ta fito. Wato malamin da sunansa ke cikin silsilar fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Zariya, a tsibirin nan ya rasu, a 828, wajen kewaye Sirakusa. Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831. Normawa, wasu Turawa Kiristoci, suka karɓe ta a 1072, Trapani a 1077.

Shi kansa dutsen Erice Larabawa Jabal Hamid suke ce masa. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya dawo daga Hajji jirginsu ya fashe a Messina, ya gangaro har Trapani yana jiran wani jirgin, a nan ya yi ƙaramar Sallah a watan Janairun 1185. Ya ambaci dutsen, da ganuwar da ke kansa, da gonakin inabi, ya ce an gaya masa akwai idon ruwa kusan 400. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya ba da labarin Musulmin garin sun fita filin Idi da ganguna da ƙahoni, a ƙarƙashin sarki Kirista, har shi ya yi mamakin yadda aka ƙyale su. Duk wanda ya san safiyar Sallah a gida zai ji abin a jikinsa.

Don haka kuskus ɗin nan gadon wancan zamani ne.

Baffa_Fisiks
Malam, duk na yarda sai jimlar ƙarshe. Tsakanin wancan zamani da yau akwai babban giɓi: Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin Sisili ya kai su garin Lucera da ke wajen tsibirin tun daga shekarun 1220. In kuskus gadon wannan zamanin ne kai tsaye, me ya sa bai zauna a Palermo ba, inda nan ce hedikwatar mulkin, sai a gaɓar Trapani? Da yawa daga masu bincike suna ganin masunta da masu haƙar murjani na Trapani da ke kai da komo zuwa gaɓar Tunisiya, da dubban Sisiliyawan da suka zauna a Tunis a ƙarni na 19, su ne suka riƙe shi ko suka dawo da shi. Zance ne da ake ja a kansa har yanzu.

Almajirin_Sahnun
Na karɓi gyara, Dakta. Amma ko ta wace ƙofa ya shigo, daga Magrib ya fito.

Hajjo_Damagaram
Ku dai ku yi ta yi. Ni na ce madambaci ne, ba wanda ya musa.

Baffa_Fisiks
Ba mai musawa, Hajiya. Maman Ilham, ni na yi kwana goma a cikin garin, ba yini ɗaya ba. Akwai cibiyar kimiyya ta Ettore Majorana da Antonino Zichichi, ɗan Trapani, ya kafa a 1963. Tsofaffin gidajen 'yan zuhudu aka mayar ɗakunan lacca, San Domenico da San Rocco da San Francesco. Sai ki ga masana daga ko'ina a duniya rataye da kati a wuya suna yawo a lunguna. A can aka rubuta sanarwar Erice ta 1982 kan haɗarin makaman nukiliya, wadda masana kimiyya Dirac da Kapitza da Zichichi suka tsara. Shi Majorana, masanin kimiyyar da aka sa wa cibiyar sunansa, ya ɓace ne a 1938 bayan tafiya a jirgin ruwa tsakanin Palermo da Napoli, har yau ba a daddale abin da ya same shi ba.

Abin da zan gaya miki wanda masu yini ɗaya ba sa gani: garin kusan kango ne. Mutanen da ke kwana a saman 'yan ɗaruruwa ne, galibin jama'ar ƙaramar hukumar suna ƙasa. Da motocin 'yan yawon buɗe ido sun tafi da yamma, sai ki ji takun ƙafarki yana amsawa. Ni na fi son sa a haka. Amma da rana tsaka a babban titi, shagunan tsaraba ne jere, tangaran da dardumar tsummoki da suke saƙawa, farashi kuma na baƙo. Ki shiga lungu ki leƙa tsakar gidajensu, duk a shafe da duwatsu da tukwanen furanni, a nan kyan yake.

Wani abin dariya: mu ne kaɗai baƙin da muke karanta sunan daidai tun ranar farko. Bahaushe ya ga "Erice" zai faɗe shi yadda ɗan garin ke faɗi. Turawan Ingila da Amurka da muka zo tare sai "Eris" suke ta yi.

Uwar_Biyu
Dakta, da gaske ne ana hango Tunisiya daga saman? Mai shagon da muka sayi kofi ya rantse mana, mu kuwa ko Trapani ba mu gani ba ranar saboda hazo.

Baffa_Fisiks
Daga tsayin mita 750 iyakar ruwan da ido zai kai kusan kilomita 98 ne. Cap Bon na Tunisiya yana wajen kilomita 170. Sai dai ƙololuwar tsaunukansa su ɗan leƙo, in iska ta yi garau ƙwarai. Lissafi bai hana ba, amma da ƙyar. Ni a kwana goma ban gani ba. Abin da za ku gani ba fashi in gari ya waye: Trapani kwance kamar lauje, filayen gishiri da tsofaffin injinan iska, sai tsibiran Egadi uku, Favignana da Levanzo da Marettimo. A ruwan tsibiran nan Rumawa suka ci rundunar Kartaj a shekara ta 241 kafin haihuwar Annabi Isa.

Hajjo_Damagaram
Filayen gishirin nan na gan su a hoto, sun tuna mini Bilma. Sai dai su teku ce ke kawo musu ruwan har gida, ba raƙumi ba ayari.

Ɗan_Madagali
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, duk wannan zumuɗin a kan garin Turawa. Sukur tana nan a kan duwatsun Mandara, da hanyoyinta na daɓen dutse, da fadar Hidi, da gonaki hawa-hawa. UNESCO ta sa ta a jerin kayan tarihin duniya tun 1999, ita ce ta farko a Najeriya. Cikinku wa ya taɓa zuwa?

Kallamu77
Akwai funibiya?

Ɗan_Madagali
Akwai ƙafa.

Ɗan_Zangon_Kumasi
To ka ji. Hajiya mai ciwon gwiwa za ka kai? Ɗan'uwa, ba a ƙi taka ba, amma matar nan Asabar take tambaya, kuma a Palermo take.

Baƙon_Dare
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ya taɓo ni. Lokacin da aka tsamo mu daga ruwa aka sauke mu a Trapani, wani sansani aka kai mu a gindin dutsen nan. Ba mu san sunansa ba. Da dare sai mu ga fitilu a sama can, kamar an rataye su, wani lokaci gajimare ya rufe su ya buɗe. Wani yaro ɗan Tawa da muke ɗaki ɗaya kullum sai ya ce, in ya samu takarda abin da zai fara yi shi ne ya hau ya ga su wane ne ke kwana a can. An raba mu, ban san inda ya ƙare ba. Ni sai bayan shekara huɗu na hau, bayan mun gama tsinkar zaitun a wajen Campobello, da kuɗina a aljihu. Na tsaya a lambun da Danliti ya faɗa na yi ta neman rufin sansanin a ƙasa har na gano shi. Ƙarami ƙwarai. Na sayi wainar nan mai zafi guda biyu, na ci ɗaya, ɗayar na rasa yadda zan yi da ita, na taho da ita a takarda har Palermo.

Ku je, Anti. Ba tsada ba ce can.

Maman_Ilham
Allah sarki. Allah ya sada ku da alheri, ya sa yana cikin rufin asiri. Na karanta wa maigidan, ya yi shiru.

Almajirin_Sahnun
Amin ya Rabbi.

Uwar_Biyu
Amin. Wainar da yake nufi genovese ce ko? Ita ce ni ban yarda na ci ba, an ce da kitsen alade ake yi.

Danliti_Trapani
Ita ce. Kwaɓin fulawa ne mai taushi, a cusa masa kirim na madara da ƙwai da ɓawon lemun tsami, a gasa, a barbaɗa garin sukari. Da zafinta ake ci. Maganar kitse kuwa, ya danganta da gida: wasu man shanu, wasu majarin, wasu kitsen alade, wanda suke kira strutto. Kada ki yi zato, ki tambaya: "C'è strutto?" Shagunan kayan zaƙi suna ajiye takarda ko littafin da ke nuna abin da aka sa a kowane abu, ki ce a nuna miki, ba abin kunya ba ne. Cannoli ne na fi ja wa mutane kunne a kai, don ɓawon a al'ada da strutto da giyar Marsala ake kwaɓa shi. Kayan almon kuwa yawanci almon ne da sukari da farin ƙwai, sai dai wasu ana ɗiga musu giya, sai ki ƙara da "C'è liquore?" Haka romon kuskus, wasu masu dafuwa na zuba farar giya, ki tambaya kafin a kawo.

Kayan zaƙin garin asalinsu daga gidajen mata 'yan zuhudu ne. Shagon da ya fi suna na Maria Grammatico ne. Tana da shekara 11 aka kai ta gidan marayu na San Carlo bayan rasuwar mahaifinta, ta yi ta aikin fasa almon da tsaron tanda, tana satar kallon yadda matan ke auna kaya don ba sa koyarwa. Da ta fito a farkon shekarun 1960 ta buɗe nata.

Kallamu77
Tambaya uku kafin loma ɗaya. Kula dai, Anti. Kula.

Ɗan_Zangon_Kumasi
Sallah fa? Ba na jin akwai masallaci a saman.

Almajirin_Sahnun
Coci-coci ne ko'ina, babbar ma tana bakin ƙofa, an gina ta a 1314. Amma nisan ya wuce barid huɗu, wato wajen kilomita 80 da ɗoriya, don haka ƙasaru ta halatta musu. Su yi alwala kafin su hau, su riƙe darduma, alƙibla kudu maso gabas. Lambun yana da kusurwoyin da ba mutane.

Ɗan_Madagali
Ƙasaru a tafiyar shan iska, Malam?

Almajirin_Sahnun
Tafiyar saɓo ce ake magana a kanta. Kai uwa ta ga ƙasar Allah kafin ta koma gida, ni ban ga inda ya zama wasa ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka cika, ba wanda zai kama ka.

Maman_Ilham
Assalamu alaikum. Mun je mun dawo, ga rahoto kamar yadda na yi alkawari a zuciyata.

Hajiya ta ga funibiya ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga guga ba. Sai da ɗanta ya yi ta lallashi. Da muka tashi ta runtse ido tana Hasbunallahu, can tsakiya ta buɗe ɗaya, kafin mu kai har tana nuna mana awaki a ƙasa. Mun bi hanyar gefe yadda Malam Danliti ya ce, ta huta sau biyu, muka kai lambun. Gari garau. Mun ga lauje, mun ga gishiri, mun ga tsibirai, Tunisiya dai Dakta sai wani jiƙon. Maigidan ya ƙarasa har bakin ganuwar Normawa da suke kira Castello di Venere, mu muka zauna. Baƙon Dare, na leƙa ƙasa na tuna da kai da abokinka.

Abinci: mun shiga wani ƙaramin gida a lungu, na yi tambayoyina uku, matar ta ce ba giya a romonta. Aka kawo kuskus. Hajiya ta ture cokali mai yatsu, ta ɗiba da hannu ta murza tsakanin yatsu tana dubawa, ta kai baki, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai ta ce, "Wadda ta yi wannan ta iya turare. Amma an yi masa rowar yaji." Ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa. Matar ta hango, ta zo ta ce a ɗan sa mata a tafin hannu, ta lasa, ta yi ta tari tana dariya, ta ja Hajiya har kicin ta nuna mata tukunyar. Ba mai jin yaren wani, amma sun fi minti goma a ciki. Jatan landen da abin nan mai kama da zobe da aka ɗora a sama kuwa Hajiya ta tsince su tas ta tura wa ɗanta. Ni busiate na ci, tafarnuwar har washegari ina jin ta. Kuɗin dai ba na burabusko ba ne, Hajiya Hajjo, kin yi gaskiya a nan.

Genovese: shago na farko suka ce da strutto, muka wuce. Na biyu suka nuna mini takarda, babu. Hajiya ta ci biyu, ta sa aka ƙunshe shida.

Muna fitowa wajen ƙarfe uku sai ga wani farin abu yana shigowa ta bakin lungu, a ƙasa-ƙasa, yana tafiya kamar mai rai. Hajiya ta ce gobara! Kafin mu yi taku ashirin ba ma ganin ƙarshen titi. Mayafina ya yi danshi, duwatsun suka ƙara santsi, dole maigidan ya riƙe ta a gefe ɗaya ni a ɗaya, ga goyo. Nan ne kaɗai na yi da-na-sani, don sau ɗaya ƙafarta ta zame, Allah ya kiyaye. Ta ce ita hazon da ta sani busasshe ne mai fasa leɓe, wannan kuwa gajimare ne muka shiga cikinsa da ƙafarmu. Daren nan sai da na gasa mata gwiwa da ruwan zafi, jiya ma ba ta sauka ƙasa ba.

Kallamu77
Gwiwa ta kumbura, aljihu ya rame, an ci dambu da yajin gida. Ban ce komai ba.

Uwar_Biyu
Kai dai Kallamu! Sannu da Hajiya. Hazon nan har suna suka sa masa, wai sumbar Venus. Mu a cikinsa muka yini.

Hajjo_Damagaram
"Ta iya turare." Shi ke nan, Hajiya ta yanke hukunci, Dakta da Malam sai ku rufe littattafanku.

Baffa_Fisiks
Hukuncin Hajiya a kan iyawa ne, ba a kan asali ba. Maganata tana nan.

Maman_Ilham
Yanzu wata matsalar ce ta taso. Da muka sauko Trapani Hajiya ta kafe sai an saya mata irin tukunyar nan ta ƙasa mai huji, wai za ta nuna wa ƙawayenta a Tudun Wada madambacin Turawa. An saya. Ga ta nan a kan tebur, da nauyi, kuma kilo 23 aka ba ta a kowace jaka, man zaitun ma lita uku ta ce ba za ta bari ba. Yaya ake ɗaure ta kada ta fashe a hanya?

Danliti_Trapani
Ki cika cikinta da zannuwa tam, ki naɗe bayanta da bargon jarirai, hannuwan biyu ki naɗe kowanne daban don su ke fara karyewa. Kada ta shiga jaka ɗaya da man. In da hali ta riƙe ta a jakar hannu. Kuma ki gaya wa su Hajiya kafin a fara aiki da ita a jiƙa ta a ruwa ta kwana.

Ɗan_Zangon_Kumasi
In ta ƙi shiga jaka, Anti, ina Palermo ranar Laraba. Matata ta daɗe tana neman irinta don wasa-wasa.